Rancen Annoba Na Ingila Da Wahalar Karɓo Shi

A cikin shekara ta 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka kulle kasuwanni da kantuna a Ingila, Gwamnatin ƙasar ta ga in ba a yi maza ba ƙananan 'yan kasuwa za su karye ƙurmus. Saboda haka Ministan Kuɗi, Rishi Sunak, ya fito da wani rance na gaggawa, aka buɗe shi ran 4 ga watan Mayu. Mai sana'a yana iya karɓar daga fam 2,000 har fam 50,000, muddin bai wuce rubu'in cinikinsa na shekara ba. Shekarar fari ba ya biyan kome. Bankuna ne suka ba da kuɗin, amma Gwamnati ta ɗauki lamuninsu duka, watau in mutum ya gaza ita za ta biya banki har kwabon ƙarshe.

To, a nan gizo ke saƙar. Fatake sun san yadda lamuni yake a zango. Maigida ba ya sayar da shanun baƙonsa bashi sai ga mahaucin da ya san halinsa da inda yake kwana, gama in mahauci ya noƙe, wuyan maigida za a kama. Shi ke zaɓen mai cin bashi, shi ke binsa, shi kuma ke hasara. A Ingila kuwa sai aka raba abubuwan nan. Gwamnati mai hasara ba ta ga fuskar kowa ba, banki mai miƙa kuɗi kuwa ba abin da zai ragu a aljihunsa. Ga shi don sauri an ɗauke wa bankuna binciken ko mutum zai iya biya, ba a nemi jingina ba, yawan cinikin ma abin da bakin mai nema ya faɗa shi aka rubuta.

Kafin a rufe ƙofa a ƙarshen Maris 2021, an ba da rance wajen miliyan ɗaya da rabi, kimanin fam biliyan 47. Waɗansu sun karɓa a banki biyu, don sai bayan wata guda aka kafa hanyar gane mai maimaitawa. Waɗansu suna karɓa suka rushe kamfaninsu, bashi ya rasa mai shi. A 2021 Ma'aikatar Ciniki ta yi kirdadon fam biliyan 17 ba za su komo ba, biliyan 4.9 daga ciki na zamba ne, ko da yake daga baya an rage lissafin. A watan Janairu 2022, ministan da aka ɗora wa yaƙi da zamba, Lod Agnew, ya miƙe a Majalisar Dattawa ya ajiye aikinsa, ya ce kamfanoni fiye da 1,000 sun sami rancen alhali ba su ko ciniki lokacin da annoba ta zo.

Karɓowa kuwa ta yi wuya tun daga sharuɗɗan rancen, gama an hana a taɓa gidan da mutum ke zaune ciki ko motar hawansa. A Disamba 2021 aka yi doka ta bin shugabannin kamfanonin da aka rushe. An ɗaure waɗansu, an hana waɗansu da yawa riƙon kamfani na shekaru, amma fa hani ba ya mai da kuɗi baitulmali.

Akasarin masu rancen dai ba mazambata ba ne, masu kanti ne da masu aski da masu sai da abinci, rancen kuwa ya tsare su daga rufewa. An ƙara musu wa'adi daga shekara shida zuwa goma, wanda ya zaɓi haka kuwa sai 2030 ko 2031 zai sauke nauyin.