Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Yadda Ake Tsara Takardar Neman Aiki Daga Gololo Zuwa Azare

Duk sa'ad da wata hukuma ta ba da sanarwar ɗaukar ma'aikata, samari da 'yan mata masu takardun shaida daga Gololo da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Gamawa sukan kama hanyar Azare, kowa riƙe da ambulan. Abin da ke kai yawancinsu shi ne a buga musu takardar nan da ake kira Si-Bi, watau takardar da mai neman aiki ke bayyana sunansa, da iliminsa, da ayyukan da ya taɓa yi. Ita ce ke fara isa gaban manya tun kafin su ga fuskar mai ita, kuma sau da yawa daga kanta ake yanke shawarar ko a kira shi ko a ajiye shi gefe.

Ba abin mamaki ba ne Azare ta zama matattarar wannan sana'a. Tun farkon mulkin Turawa ne hedkwatar ƙasar Katagum ta koma can. Akwai Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, akwai Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya wadda aka kafa cikin 2021, ga kuma jami'ar jiha a Gadau, ba nisa. Kowace shekara makarantun nan suna yaye ɗalibai, kuma kowane ɗalibi yana bukatar takarda.

DAGA TAFIRETA ZUWA KWAMFUTA

A da can, mai neman aiki a En'e wasiƙa ce kawai yake rubutawa da hannu a kan doguwar takarda. Wanda hannunsa ba shi da kyau sai ya nufi masu tafireta a bakin gidan waya ko kotu. Bayan an ƙirƙiro Jihar Bauci cikin 1976, kuma aka soma shirin ilimin furamare kyauta a wannan shekara, sai bukatar malamai da akawuna ta ƙaru, masu tafireta suka sami ciniki. Amma fa tafireta baƙinta iri ɗaya ne. Iyakar adonta shi ne a buga kanun magana da manyan baƙaƙe, a ja layi a ƙarƙashi.

Da kwamfuta ta zo sai al'amari ya sake. Yanzu akwai tsararrun samfura birjik, waɗansu cikin manhajar Word, waɗansu a intanet, mutum sunansa kawai zai cusa. Malaman lissafi da kimiyya kuwa waɗansunsu sun fi son LaTeX, wadda Leslie Lamport ya gina cikin shekarun 1980 a kan tsarin TeX da Donald Knuth na Jami'ar Stanford ta Amurka ya fitar cikin 1978. A wannan tsari, bayanin mutum daban, umurnin ado daban. In ya canza layi ɗaya a sama, sai kamannin takardar duka su canza.

SAMFURIN BA DON MU AKA YI SHI BA

To, a nan ne gizo ke saƙar. Akasarin samfuran nan an tsara su ne don mutanen waɗansu ƙasashe, saboda haka tilas a yi musu gyara kafin su dace da ɗan Gololo.

Na farko, girman takarda. A Nijeriya A4 ake amfani da ita, mai faɗin milimita 210 da tsawon 297. Ta Amurka kuwa faɗinta 216, tsawonta 279. In ba a gyara wannan ba tun da fari, sai a ga rubutu ya karkace a kan takarda, ko gefensa ya yanke, ko a bar fili a ƙasa ba gaira ba dalili.

Na biyu, abin da ake rubutawa. Mutumin Amurka ba ya sa hotonsa, ko shekarunsa, ko maganar aure, domin dokokin ƙasarsa, irin ta 1964 da ta 1967, sun hana nuna bambanci wajen ɗaukar aiki, har masu ɗauka ba sa son ganin waɗannan. A nan gida kuwa, tun Tsarin Mulki na 1979 aka shigar da ƙa'idar raba muƙamai tsakanin sassan ƙasa, kuma cikin 1996 aka kafa hukumar da ke sa ido a kan haka. Don haka mai neman aikin gwamnati lalle ne ya buɗe wuri a samfurinsa ya rubuta jiharsa ta asali, da ƙaramar hukumarsa, da ranar haihuwarsa. Haka nan sai ya ƙara layin bautar ƙasa, wadda aka soma cikin 1973, ko shaidar an ɗauke masa. Wanda ke neman gurbin karatu a Turai kuma, mai yiwuwa ne a tambaye shi samfurin Europass na Tarayyar Turai.

Na uku, baƙaƙen Hausa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka sami gindin zama a rubutun boko tun shekarun 1930. Ba kowane salon baƙi na kwamfuta ke da su ba. Mai suna Ɗahiru ko Ɗanladi yana iya ganin sunansa daidai a shagon da aka buga, amma in aka buɗe takardar a wani ofis a Abuja sai ɗan akwati ya fito a madadin baƙin farko. Maganin wannan shi ne a zaɓi salon da ke ɗauke da su, sa'an nan a mai da takardar PDF kafin a aika, domin ta tafi da baƙaƙenta. Mafi muhimmanci ma, sunan ya zama harafi da harafi daidai da yadda yake a takardun shaida, don bambancin Muhammad da Mohammed kaɗai ya isa ya sa a ce mutum ya je kotu ya yi rantsuwa.

ADO DA YA WUCE KIMA

Masu shagunan kwamfuta suna da nasu laifin, masu kawo aikin ma haka. In layi ya yi tsawo, akan buɗe takardar wanda aka gama wa, a goge sunansa a sa na na biye. Ta haka ne ake samun mutum ashirin da jimla ɗaya ta bayanin buri, ko a bar lambar wayar wani a takardar wani, ko namiji ya isa gaban kwamiti takardarsa na cewa shi mace ce. Wanda aka kira wayarsa ba shi ya nema ba, wanda ya nema kuwa yana Gololo yana jiran kira har damina ta wuce.

Waɗansu kuma sai su ce a yi musu launi uku, da zane a gefe, da ginshiƙai biyu. Su sani cewa launin da ya yi kyau a fuskar kwamfuta toka-toka yake komawa in an yi masa hoto a injin kwafi. Bugu da ƙari, manyan kamfanoni da yawa na'ura ce ke fara tace musu takardu, ita kuwa takan rikice in ta tarar da ginshiƙai da akwatuna, ta gauraya makaranta da adireshi.

Masana aikin ɗab'i sun daɗe da sanin ƙa'idar. Salon baƙi ɗaya ya isa, ko biyu in an matsa. Girman rubutu ya zama lamba 11 ko 12, suna ya fi sauran girma kaɗan. A bar fili kamar inci ɗaya a kowane gefe. Shekaru su jeru a layi ɗaya daga sama har ƙasa, a fara da na baya-bayan nan. Sabon ɗalibi kada ya zarce shafi biyu. Wanda ya koyar a makarantar Islamiyya, ko ya yi aikin allurar rigakafi, ko ya riƙe littafin kuɗin ƙungiyar manoma, ya rubuta, da shekarar da ya yi, domin duka aiki ne. Abin da bai yi ba kuwa ya bar shi, ramin ƙarya ƙurarre ne.

Daga ƙarshe, kafin mutum ya biya kuɗi ya bar shagon, ya zauna ya karanta takardarsa layi-layi, ya kira lambar da aka sa ya ji ko wayarsa ce ta yi ƙara, ya kuma karɓi kofe a wayarsa domin gobe in gyara ya taso kada ya sake biyan kuɗin mota zuwa Azare. Ya kamata kuma makarantun yankin su riƙa koya wa ɗaliban ajin ƙarshe wannan aiki, ko da na mako guda ne, kafin su miƙa musu takardun shaida.