Daga Ƙofar 'Yandaka Zuwa Dutse Mafi Tsawo a Nijeriya

Wanda ya tsaya a Ƙofar 'Yandaka ya duba waje, ba abin da zai tare masa ido sai gidaje da itatuwa, gama ƙasarmu ta Katsina shimfiɗaɗɗiya ce. Sunan ƙofar ɗaya ne da na sarautar 'Yandaka, wato hakimin Dutsin-Ma. Yawancinmu kuwa irin duwatsun wajajen Dutsin-Ma kaɗai muka sani, waɗanda saurayi zai hau da hantsi ya sauko kafin azahar. Shi ya sa in an ce hawan dutse, sai mu ɗauka wasa ne. Amma akwai dutsen da ba a yi masa haka, a cikin ƙasarmu yake kuwa.

Sunansa Chappal Waddi, ana kuma ce da shi Gangirwal. Yana Jihar Taraba, daidai kan iyakarmu da Kamaru. Tsawonsa mita 2,419 ne daga bakin teku, ba wanda ya kai shi a Nijeriya duka. Birnin Katsina bai wuce wajen mita 500 ba. Dā wannan yanki yana cikin Kamaru ta Arewa da Ingila ke riƙo. A 1961 mutanen wurin suka jefa ƙuri'a suka zaɓi zama cikin Nijeriya, aka kira ƙasar Lardin Sardauna. Yau dutsen yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda gwamnati ta kafa a 1991. Shi ne mafi girma cikin irin waɗannan gandayen namu, da birai iri iri da ɓauna a ciki.

Hanyoyin hawa biyu ne aka fi sani. Duka biyu sai an bi ta Jalingo da Bali a kai Serti, inda babban ofishin gandun yake. Nan ake karɓar izini, nan kuma ake samun ja-gora. Hanya ta fari ta cikin gandun take, daga ƙauyen Gashaka. Doguwa ce, ta kwanaki, ana ratsa kurmi da rafuffuka, ana kwana a daji. Ta biyu takan hau tsaunin Mambila da mota zuwa Nguroje, sa'an nan a nufi ƙauyen Njawai. Daga can sai ƙafa, ta cikin tuddai masu ciyawa inda Fulani ke kiwon shanu. Wannan ta fi gajarta, domin mota ta riga ta rage wa mutum hawa. Ba a bukatar igiya ko tsani. Abin da ake bukata shi ne ƙafa mai ƙarfi da haƙuri.

To, ina hatsarin? Na fari sanyi ne. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska yakan ragu da wajen digiri 6. Ku tuna da darin da muke ji a Katsina cikin Janairu, ku ƙara masa wannan, ga iska mai ƙarfi da dare. Na biyu hazo ne da gajimare, waɗanda kan rufe hanya farat ɗaya, har mutum ya kasa ganin na gabansa. A kan iyaka kuwa, wanda ya ɓata yana iya samun kansa cikin Kamaru bai sani ba. Na uku ruwa ne. Da damina rafuffuka sukan cika, ƙasa ta yi santsi, saboda haka da rani ake zuwa, daga Disamba zuwa Maris.

Akwai kuma abin da matasa kan manta, wato saukowa. A ƙasar Turai akwai wani dutse mai suna Matahon, kan iyakar Suwizalan da Italiya. A 1865 mutum 7 suka fara kaiwa kansa. Da suna saukowa sai ɗaya ya zame ya ja na kusa da shi, igiya ta tsinke, 4 suka mutu. Gangirwal bai kai wancan tsauri ba, amma gajiya ɗaya ce ko'ina. Wanda ya ƙarar da ƙarfinsa wajen hawa, gwiwarsa za ta yi rawa wajen sauka.

Iyaye, in ɗanku ko 'yarku suka ce za su tafi tare da 'yan'uwansu matasa, kada ku yi saurin hanawa, gama abu ne mai kyau yaro ya ga ƙasarsa da idonsa. Sai dai ku tambaye su: wa zai ja gaba? An bincika lafiyar hanya? Akwai bargo, da rigar sanyi, da takalmin da ƙafa ta saba da shi, da tocila, da guzuri? Bari su fara gwaji tun daga gida, su riƙa fita ta Ƙofar 'Yandaka da sassafe da kaya a baya, su yi tafiyar awa biyu ko uku har jiki ya saba. Ku kuma ja musu kunne cewa in ja-gora ya ce a juya, a juya, ko da ana hangen ƙololuwa. Dutsen ba inda za shi, baɗi ma yana nan.