Tikiti a Waya, Lamba a Hannun Wa?

Ma'aikacin da ke fita daga Gama ko Brigade zuwa masana'antun Bompai, da wanda ke sammako zuwa Sharada ko Challawa, har gobe da tsabar kuɗi suke sallamar ɗan adaidaita sahu. Sai dai biyan kuɗi ta na'ura ya riga ya leƙo harkar sufurin Kano, kuma zuwansa bai zo da daɗi ba. A watan Fabrairun 2021 direbobin adaidaita sahu suka shiga yajin aiki kan harajin naira 100 na kullum da hukumar KAROTA ta ce a riƙa biya ta intanet ta hanyar Remita. Da yawansu ba ɗarin ce ta dame su ba, hanyar biyan ce. Wanda ba shi da babbar waya sai ya ajiye mashin, ya bi layi a shagon intanet, sannan ya ba mai shago ladansa. Jama'a suka sha tafiyar ƙasa.

Wasu wuraren sun yi nisa. A Legas akwai katin Cowry, wanda fasinja ke zuba wa kuɗi ya ɗora a kan na'ura yayin shiga manyan motocin BRT, na'urar ta cire kuɗin tafiya. Babu rigimar canji, babu kwandastan da zai soke wani abu a aljihu. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ya koma sayar da tikiti ta intanet a Janairun 2021, don a karya lagon masu saye su ɓoye su tsawwala. Bayan harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022, da jirgin ya dawo aiki a Disambar shekarar, sai aka ce ba tikiti sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN.

Nan ne ya kamata kowa ya buɗe ido. Lambobin nan 11 da hukumar NIMC ke bayarwa suna ɗaure da hotonka da zanen yatsunka, kuma tun daga Disambar 2020 aka wajabta haɗa su da layin waya. Layin kuma shi ke karɓar saƙon banki. Duk abin da aka aikata da lambarka, kai aka sani. Idan wani ya yi rajistar layi da ita ya kira iyalan wanda aka sace yana neman kuɗin fansa, ƙofarka jami'an tsaro za su fara ƙwanƙwasawa, kuma kafin ka wanke kanka ka ji jiki.

Masu neman aiki na yawan faɗawa tarkon masu farautar lambobin mutane. Wani zai tare matasa a bakin ƙofar kamfani, ko ya turo saƙo ta WhatsApp, ya ce ana ɗaukar ma'aikata ko ana rabon tallafi, a kawo NIN da lambar shaidar banki ta BVN da hoto. Wani ma ba ya ɓoye-ɓoye, 'yan kuɗi zai miƙa ya ce a sayar masa da lambar. A 2025 hukumar EFCC ta yi gargaɗi kan wannan ciniki, domin da bayanan ake buɗe asusun da 'yan damfara ke wucewa da kuɗin sata. Abin takaici, kuɗin da ake ba mai lambar ba ya kai cefanen kwana biyu.

Idan kamfani ya ɗauke ka aiki da gaske, a ofishinsa za ka cike takarda, ba a gindin bishiya ba. Ko a can ma kana da ikon tambayar me za a yi da bayananka, har da zanen yatsan da wasu masana'antu ke ɗauka don lissafin zuwa aiki. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ce ta ba ka wannan haƙƙi.

Rajistar NIN ta farko kyauta ce. Wanda ya manta lambarsa ya danna *346# a layin da ya yi rajista da shi, ba sai ya miƙa wayarsa ga wani ba. In dole sai an je shago a sayi tikiti ko a biya haraji, a tsaya a ga abin da ake shigarwa, a karɓi rasit, kada a bar kwafin takardar shaida a kan tebur. Lambar sirri da banki ke turowa ta saƙo kuwa, ko mai kiran ya ce daga banki yake, ba a karanta masa ita. Ranar da aka fizge waya, kafin a fara jajen wayar, a garzaya ofishin kamfanin layi a rufe layin, a kuma sanar da banki a ranar.