Doki ne ko ƙuru?

A tsibirin Isilanda, can arewacin Turai, akwai wani irin doki gajere wanda tsayinsa bai cika wuce santimita 142 ba. A ƙa'idar FEI, ƙungiyar wasannin dawaki ta duniya, dabbar da ba ta haura santimita 148 a kafaɗa ba ƙuru ce. Mutanen tsibirin sun ƙi wannan suna, don a kunnen mai saye na Turai ƙuru abin hawan yara ne. Nasu kuwa yana ɗaukar ƙato, yana jure sanyi, ga wata taƙama mai laushi da suke kira tölt. Don tsare irin, doka ta hana shigo da dawaki. Wanda aka fitar, ba ya komowa.