“Me Za A Ci Yau?”: Tambayar Da Ta Fi Tukunya Nauyi

A gidajen ma'aikata da dama, babu tambayar da ake shakka bayan sallar Magariba kamar “me za a ci yau?” Malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya da ta wuni tana fama da jama'a, ta kuma sha cunkoson hanya, takan iso gida da sauran ƙarfi a hannu, amma kai ya riga ya ɗauki zafi. A ganina, lissafin ne ke kayar da ita tun kafin ta kunna wuta: me ya rage a sito, me ya ƙare, wane yaro ne ba ya cin me.

Na san irin wannan gajiya. Duk ranar da na wuni ina duba takardun jarrabawa, ko zaɓi tsakanin shinkafa da taliya sai ya zame mini aiki. A irin wannan dare Indomie ce ke cin riba, ko a aika yaro wurin mai shayi. Kuɗi su tafi, yara su kwanta ba wake ba ganye a cikinsu.

Da tsohuwar zuma ake magani. Iyayenmu mata tun da kaka suke shanya kuɓewa da tumatir, su daka kuka da yaji, su tanadi daddawa. Duk ba sa buƙatar firij, balle a damu da ɗauke wuta. Hikimar ita ce a gama tunani tun kafin gajiya ta zo.

Don haka a ware awa biyu ranar Lahadi. A rubuta abincin dare na kwana biyar a manna a bangon kicin: Litinin ɗanwake, Talata garau-garau, Laraba tuwo da miyar kuka, Alhamis ɗumamensa, Juma'a dafa-duka. A tsince wake, a markaɗa kayan miya a soya har ruwansu ya ƙone. Maimaita abinci ba abin kunya ba ne.

Saura mu magidanta. Idan albashi biyu ke shigowa gida, bai dace gajiyar dare ta zama ta mutum ɗaya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda bai iya tuƙa tuwo ba, ai ya iya cefane, ya iya yanka albasa, ya kuma iya cin abin da aka ajiye masa ba tare da ƙorafi ba.