Amsoshin Wasiƙunku: Harsashin Jan Ƙarfe Ko Na Dalma?

 Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani maharbi a Rogo. Ya ce ya ji wai a Amurka an hana farauta da dalma, shin ko shi ma ya koma ɗura wa bindigarsa ta toka jan ƙarfe?

To malam, mun gode. Abin da ka ji akwai gaskiya a ciki. Tun 1991 Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da dalma, kuma a 2019 Jihar Kalifoniya ta hana ta a kowace irin farauta. Dalili kuwa, dalma guba ce. Ka tuna abin da ya faru a Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400. Haka nan ƙwayar da ta faɗa ruwa, kamar a dam ɗin Challawa da ke Ƙaraye, tsuntsu kan haɗiye ta, ta zame masa ajali.

Amma fa a yi hattara. Dalma tana da taushi, idan albarushi ya tashi sai ta bi bututun bindiga ta fice. Jan ƙarfe kuwa ya fi dalma tauri, ba ya lanƙwasa da sauƙi kamarta. In ya cije a ciki, ƙarfin albarushi bai da mafita sai ya fasa bututun, ga shi kuwa yawancin bindigoginmu ƙirar gida ne. Hannu da ido ke nan a bakin hatsari. Sannan bai kai dalma nauyi ba, ya gaza ta da wajen kashi 20 cikin 100, saboda haka ƙarfinsa kan mutu da wuri, a raunata dabba ta gudu. Su can Amurka a masana'anta ake ƙera shi, a sa masa rigar roba, kuma bindigoginsu gwadaddu ne.

Shawararmu dai, kada ka yanki waya ko guntun jan ƙarfe ka ɗura. Abin da ke hannunka shi ne kiyaye iyali. Kada a narka dalma a cikin gida ko a tukunyar abinci, balle a fasa tsohon batir a gaban yara. Kada ka riƙa ajiye harsashi a baki lokacin ɗuri. In ka harbo zabo ko zomo, yanke naman da ke kewaye da raunin ka zubar, kuma kada a ba yara da masu juna biyu irin wannan nama. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya tsare, ya ba da sa'ar dawa. Sai mun ji daga gare ku.