Wa'adin Mako Uku: Idan Aka Biyo Kamfani Bashin Da Bai Yarda Da Shi Ba

Rigimar bashi a Sakkwato tana da hanyar da aka saba bi: a kai maganar gaban shugabannin kasuwa, in ta gagara a tafi wajen alƙali. Amma akwai wata takarda da ba ta bin wannan hanya. Mai bin bashi ne ke rubuta ta, ya sa hannu, a ajiye ta a ofishin da kamfani ya yi rajista da shi ko a babban ofishinsa. Daga ranar, kamfanin yana da mako uku.

Tushenta sashe na 572 na Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agustan 2020. Idan mako ukun ya cika kamfani bai biya ba, bai ba da jingina ba, bai kuma daidaita da mai kuɗin ba, doka na ɗaukarsa a matsayin wanda ya kasa biyan basussukansa, kuma ana iya roƙon kotu ta rushe shi. A tsohuwar dokar 1990, bashin da ya haura naira 2,000 ya isa. Dokar 2020 ta ɗaga shi zuwa naira 200,000, sannan gyaran da aka yi a 2023 ya bar wa hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ikon tsaida adadin.

Wannan duk ya shafi kamfani mai cikakkiyar rajista ne. Ɗan kasuwar da sunan kasuwanci kawai ya yi wa rajista, shi kansa ake kai ƙara, ba a rushe shi. Kuma Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke da hurumin rushe kamfani, bisa sashe na 251 na Tsarin Mulkin 1999, tana kuwa da reshe a nan Sakkwato. Kotun Shari'a ba ta da hannu a ciki.

A ce wani kamfanin casar shinkafa ya karɓi buhu 500 na shanshera. Da aka farke ɗinki, sai aka tarar buhu 120 sun sha danshi, ƙasansu ya yi baƙi, wasu har da tsakuwa. Kamfanin ya biya kuɗin masu kyau, ya ce a zo a kwashe sauran. Mai kayan ya ƙi, ya aiko da takardar mako uku. Burinsa ba rushewar ba ce, tsoro yake son jefawa, domin ƙarar rushe kamfani shelanta ta ake yi a jarida, kuma da zarar banki da masu kawo kaya sun gani, sai kowa ya ja baya tun kafin alƙali ya ce uffan.

Kotunan Najeriya sun daɗe da gane wannan dabara. A shari'ar Air Via da Oriental Airlines ta 2004, Kotun Ƙoli ta tsaya a kan cewa ba a rushe kamfani saboda bashin da ake jayayya ta gaskiya a kansa. Sai dai cewa “ba a bin mu” kawai ba ya wadatarwa. Alƙali hujja yake nema: takardar karɓar kaya da aka rubuta ƙorafi a jikinta, hotunan buhunan, rasit, saƙonnin WhatsApp na ranar da abin ya faru. A nan ne yawancin masu harka da amana ke faɗuwa, don cinikin miliyoyi sukan ƙulla shi da baki da musabaha. Jayayyar da ba ta bayyana ba sai bayan zuwan takardar kuwa, kotu da wuya ta gaskata ta.

Abin da lauya zai fara yi shi ne mayar da amsa a rubuce kafin wa'adi ya cika, yana bayyana dalilin ƙin biya dalla-dalla. In mai bin bashin bai janye ba, sai a nemi Babbar Kotun Tarayya ta hana shi shigar da ƙarar ko shelanta ta. Haka ake yi a Ingila, inda fam 750 ya isa a aiko da irin takardar.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne riƙe kuɗin gaba ɗaya don fushi. In akwai ɓangaren da kamfani ya amince ana bin sa, gara ya biya shi nan take, domin shi kaɗai na iya riƙe ƙarar idan ya haura adadin da doka ta tsaida.

Korar ƙarar rushewa kuma ba ta yafe bashi. Mai shanshera na da damar shigar da ƙarar neman kuɗinsa a Babbar Kotun Jihar Sakkwato, inda za a kira direban da ya kawo kayan da magatakardan da ya ƙirga su, kowa ya ba da shaida a kan buhu 120 ɗin.